Shinkafar da Ta Sha Gishiri

Ni ne mai riƙe mata littafi.
Shekara goma sha ɗaya a Satkhira, kudancin Bangaladash,
inda teku kan shigo gona ba sallama,
in ya fita ya bar ƙasa fari fat,
kamar an share murhu an watsa tokar.

Dakta Lutfunnesa Gazi ba ta da yawan magana.
Kafin rana ta ɗaga tana tsugune a taɓo,
ɗan almakashi a dama, hantsaki a hagu,
tana datse bakin furen shinkafa,
tana zare mazan nan shida ɗaya bayan ɗaya.
In hannu ya yi rawa, a jefar, a sake.
Ni kuma in rufe zangarniya da ambulan,
in rubuta: uwa wance, uba wane.
Aure dubu na shaida, ba waliyyi, ba sadaki.

Uwar daga tulun wata tsohuwa ta fito,
Shefali Mondol, da ke rataye irinta a jikin azara
inda ambaliya ba ta kaiwa.
Doguwa ce, iska kaɗan ta kwanta,
ba ta cika kwando,
amma gishiri ya yi ya yi, ya bar ta.
Uban gajere, ɗan lelen tashar bincike,
mai yawan 'ya'ya,
ya kurɓi ruwan teku sau ɗaya ya ƙone ƙurmus.

Muka shuka 'ya'ya, muka shuka jikoki.
Muka shayar da su ruwan gishiri da gangan.
Suka mutu layi-layi.
Ina jan jar tawada a kan lambobinsu
har alƙalami ya ƙafe.

A shekara ta bakwai, layi ɗaya ya tsaya kore.
Baƙi suka zo daga Dhaka, aka ɗauki hoto.
Muka raba wa manoma mudu-mudu.
Da kaka ta yi, matar Bhobesh mai kwalekwale
ta zo da kwano, ta dire a kan teburin Dakta:
"Mu da dare muke zuba wa sauran shinkafa ruwa,
da safe mu ci da albasa da barkono.
Taku in ta kwana, kunu take zama."

Dakta ta sa yatsa, ta kai baki.
Ta daɗe tana taunar abin da ba ya taunuwa.
Ta ce da ni, "Buɗe sabon shafi."

Shekara huɗu kuma.
Daga ranar, tukunya ta shiga ɗakin gwaji,
ta zauna kusa da madubin ƙara girma,
kuma ba a yanke hukunci sai ta yi magana.

An ce a mujallun ƙetare
an ambaci sunanta sau ɗari da wani abu.
Ban gani ba. Abin da na gani:
Bhobesh ya fasa tafiya birni jan keke,
ya sake rufin kwano,
ɗiyarsa ta koma aji.

Bara na raka ta kasuwa, ido ya yi rauni,
tana riƙe da gwiwar hannuna.
Ta damƙi shinkafa a wani buhu, ta murza,
yatsunta suka gane ta kafin ni.
"Mece ce sunan wannan?"
Mai awo ya ce, "Mai Taurin Kai.
Tun kakanninmu muke nomanta, Inna."

Na buɗe baki.
Ta matse mini hannu.
Ta ce a auna mata kilo biyu,
ta yi ciniki sosai, har ya rage mata taka biyar.